Ciwon mantuwa na tsofaffi

Jama'a, kusan kowane gari akwai tsohuwar da mantuwa ta kama. Ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta ba. Ta shiga maƙwabta, hanyar gida ta ɓace mata. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iskoki. Har akwai masu ce mata mayya, yara su bi ta da jifa.

To, ciwo ne, kuma cikin ƙwaƙwalwa yake.

A shekarar 1906, wani likitan ƙasar Jamus mai suna Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mata mai wannan ciwo. Sai bayan rasuwarta ya iya ganin ɓarnar. Yanzu akwai injin ɗaukar hoto mai suna IRM. Mutum ya kwanta, a tura shi ciki, a ga cikin kansa ba tare da an yanka shi ba.

Mi hoton ke nunawa? Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai ajiye sabon labari, kamar rumbu. Yana cikin wuraren da ke fara ƙanƙancewa. Shi ya sa tsohuwa ke tuna ranar aurenta, amma ta mance baƙon jiya. Abin mamaki, tun da fari wurin nan yakan ƙara aiki fiye da kima, kamar jakin da aka yi ma kaya da yawa. Daga baya sai ya gaji.

Akwai wani injin kuma. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki. Sai a yi allurar wani irin sukari, a bi sawunsa. Inda aiki ya ragu, sukari kaɗan ake gani. Masana sun gane ɓarnar na somawa shekara 10 zuwa 20 kafin mutanen gida su lura.

Injunan nan suna da tsada, sai manyan birane. Maganin da ke warkar da ciwon ma ba a samu ba tukuna. Amma ba duk mantuwa ce wannan ciwo ba, wata tana jin magani. Saboda haka a kai tsoho gidan likita da wuri. Hawan jini, wato tansiyo, yana ɓata ƙwaƙwalwa. Wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa awo.

A gida kuwa, kada a yi gardama da ita. In ta sake tambaya, a sake ba ta amsa. A rufe bakin rijiya, a kawar da ashana da maganin ƙwari.