Darasi: Majinyaci da Umarnin Likita

Ranar 11 ga Fabrairu ta kowace shekara Ikkilisiya takan kiyaye Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a shekarar 1992, aka kuma fara kiyaye ta a 1993. A wannan rana mukan yi magana a kan abin da ya wajaba masu lafiya su yi wa majinyata. Darasinmu na yau ya dubi ɗaya gefen, wato abin da ya wajaba a kan majinyacin kansa bayan ya karɓi magani daga hannun likita.

Mu fara da Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 5. Na'aman, shugaban yaƙin Suriya, ya zo wurin annabi Elisha da cutar kuturta. Annabin bai ko fito ba, sai ya aika masa cewa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya husata, gama ya sa ran ganin wani abin al'ajabi, ga shi kuma a ganinsa kogunan Dimashƙu sun fi Urdun. Barorinsa ne suka lallashe shi har ya sauka cikin ruwan. Abin lura shi ne, Nassi ya danganta warkewarsa da cika adadin da aka faɗa masa. Bai yi uku ya ce jikinsa ya yi sauƙi ba.

A nan ne da yawa daga cikinmu suke tuntuɓe. Ɗauki misalin tarin fuka. Maganinsa na yau da kullum wata shida ne: wata biyu na farko ana shan magunguna iri huɗu, sauran wata huɗu kuma iri biyu. Amma bayan 'yan makonni tari yakan ragu, zazzaɓin dare ya lafa, mutum ya fara cin abinci, har ya koma gona. Sai ya ce ya warke, ya ajiye sauran ƙwayoyin a kan taga. Alhali kuwa ƙwayoyin cutar masu rauni ne kawai suka mutu, masu taurin kai suna nan kwance cikin huhu. Idan suka farfaɗo, suna iya zama waɗanda maganin farko ba ya ci, sai a koma ga wasu magunguna masu tsada, masu wahalar da jiki. Mafi muni kuma, irin wannan cuta mai taurin kai ce mutum zai tofa wa matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda. Saboda haka ne Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a sakin layi na 2288, ya koyar cewa rai da lafiyar jiki amana ce daga Allah, kuma a kula da su tare da duban bukatar waɗansu. Wanda ya yanke maganin tarin fuka a tsakiya bai yi wa kansa kaɗai hukunci ba.

Akwai kuma masu barin magani da sunan bangaskiya. Wani ya je wurin addu'a an ce masa shan ƙwayoyi alamar shakka ce, sai ya zubar da maganin hawan jini ko na ciwon sukari, cututtukan da ba su cika nuna alama ba sai sun yi ɓarna. Wannan ba koyarwar Ikkilisiya ba ce. Littafin Sirak, sura ta 38, ya haɗa addu'a da girmama likita a wuri ɗaya, ya kuma nuna cewa daga Allah ne magunguna suke fitowa. Shafewar marasa lafiya da Fada yake yi ba ta soke takardar asibiti. Haka nan batun azumi: marar lafiya ba ya ƙarƙashin wajibcin azumin Larabar Toka, kuma dokar Ikkilisiya ta ce ruwa da magani ba sa karya kamewar awa ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji. Kada kowa ya tsallake maganin safe don zai je Misa.

Sai dai biyayyar da muke nufi ba ta makanta ba ce. Majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya: mene ne sunan ciwon, har yaushe za a sha maganin, kafin abinci ko bayansa. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka yakan mai da fitsari ja-ja. Wanda ba a gaya masa ba zai tsorata ya daina, alhali ba wata illa a ciki. Amma idan idanu suka yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti nan da nan, kada a tsaya yanke shawara a gida. Har wa yau, Katekizim a sakin layi na 2278 ya yarda cewa wanda ke bakin mutuwa ba dole ba ne ya ci gaba da jinya mai tsananin nauyi wadda ba ta da amfanin da ya kai wahalarta. Wannan dabam yake da sakaci.

Gaskiya ce kuma cewa ba taurin kai ne yake hana kowa ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na Nijeriya, amma kuɗin mota ba kyauta ba ne, magani kuma a cikin yunwa yana da wuyar sha. Wani kuma kunya ce take hana shi, kada a gan shi a layin masu tari. A nan aikin barorin Na'aman ya faɗo a kanmu. Katikis, Zumuntar Mata da matasa na kowace ƙaramar majami'a su san wa yake kan magani a cikinsu, in shi ya yarda a sani, su sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa shi, ya tuna masa ranar komawa asibiti, a kuma fitar da kuɗin mota daga baikon marasa lafiya har ranar da likita da bakinsa ya ce an gama.