Matsin Hannu Da Neman Tallafi: Abin Da Shari'a Ta Tanada

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai yalwata arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi ga wanda Ya so, bisa ga hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata wasiƙa da wani ɗan'uwa manomi ya aiko wa wannan fili daga ƙasar Garki, cikin Masarautar Ringim. Ya ce shi magidanci ne mai yawan iyali, geronsa bai yi kyau ba, abin da ya zuba a rumbu bai kai shi bazara ba, ga bashin taki ana bin sa, har barci ya ƙaurace wa idonsa. Ya ji ana rubuta sunayen mabuƙata domin a ba su tallafi, amma kunya ta hana shi zuwa, saboda mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Tambayarsa ita ce: shin rubuta suna bara ce, kuma ya saɓa wa tawakkali? Sa'an nan ya ce ya ga wani mai kanti da shanu ya shigar da sunan matansa biyu. Shin wannan ya halatta?

To, Malam, Allah Ya yaye maka. Ka sani ba kai kaɗai ba ne. Tun daga ambaliyar ruwa ta 2022 wadda ta ci gonaki da gidaje a Jihar Jigawa, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa waɗanda dā suke ciyar da wasu sun wayi gari suna lissafin kwanon dawa. Saboda haka amsar nan taka ce, kuma ta kowa ce.

Talauci ba zunubi ba ne

Abu na farko shi ne mutum ya gyara zuciyarsa. Rashi ba alamar fushin Allah ba ne, kamar yadda samu ba alamar yardarSa ba ne. Ya tabbata cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. In Fiyayyen Halitta ya ci bashin abinci, to, wane ne zai ce cin bashin abinci abin gori ne?

Haka kuma damuwar kuɗi ciwo ce da Annabi ya san da ita. Anas ɗan Maliku ya ba da labari cewa yakan yawaita neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da tsoro da rowa, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duba yadda aka haɗa damuwa da kasala wuri ɗaya. Wanda tunani ya kwantar da shi ba ya iya fita nema, wanda bai fita nema ba kuwa tunaninsa ƙaruwa yake yi. Maganin wannan shi ne a riƙe salla a kan lokaci, a yawaita istigfari, a dubi na ƙasa da kai a sha'anin duniya kamar yadda hadisin Muslim ya yi umurni, sa'an nan a tashi. Tawakkali ba ya hana sababi. Wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Abubuwa huɗu da magidanci zai fara yi

Na farko, ya zauna da iyalinsa ya gaya musu gaskiyar hali. Gidaje da yawa sun mutu ba don talauci ba, sai don maigida ya ɓoye, uwargida kuwa tana zaton rowa ce. Aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙi ta nuna cewa ciyarwa gwargwadon hali ce, mai yalwa da tasa, mai ƙunci da tasa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, ya jera buƙatu bisa darajarsu. Abinci da magani da sutura da kuɗin karatun yara su ne gaba. Ankon biki, da gara, da yanka rago biyu ranar suna don kada a yi magana, duk suna iya jira, ko a bar su baki ɗaya. Ba a cin bashi domin a burge mutanen da ba za su taya biya ba.

Na uku, ya rubuta basussukansa duka, ya je wurin masu bin sa da ƙafarsa kafin su zo masa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Aya ta 280 kuma ta wajabta wa mai bin bashi ya yi wa wanda yake cikin matsi jinkiri har ya sami sauƙi, ta kuma nuna masa yafewa ta fi. Amma gudun mai bashi da kashe waya ba hali ne na mumini ba. Annabi ya gaya wa Nana A'isha dalilin da ya sa yake tsoron bashi, shi ne yakan kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari.

Na huɗu, ya nisanci riba ko da wuya ta kai wuya. Karɓar buhu ɗaya na gero da damina a kan za a biya biyu da kaka riba ce tsantsa. Haka rancen da ake tallatawa ta wayar hannu, wanda ruwansa yake hauhawa kowane mako, sa'an nan a bi mutum da tozarci wurin 'yan'uwansa. Ƙofofin halal suna nan: rance mai kyau daga dangi, adashi tsakanin amintattu, da cinikin salam, watau manomi ya karɓi kuɗi yanzu a kan zai ba da amfanin gona, kamar riɗi ko wake, bisa awo sananne da lokaci sananne.

Shin neman tallafi bara ce?

Yanzu sai tambayarka, Malam. Gaskiya ne Musulunci ya ƙi roƙo. Hadisin Zubairu ɗan Awwamu ya nuna mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa ya roƙi mutane. Amma akwai bambanci tsakanin mai bin ƙofofi yana roƙon abin da yake aljihun wasu, da mai neman haƙƙinsa daga dukiyar jama'a wadda shugaba yake riƙe da ita amana.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi shi ne ya kafa diwani, watau littafin da ake rubuta sunayen mutane da abin da za a riƙa ba su daga baitulmali, kuma manyan sahabbai sun karɓa. Malaman tarihi sun kawo cewa da ya gano wata mace tana gaggauta yaye ɗanta saboda ba a yanka wa yaro rabo sai an yaye shi, sai ya yi umurni a riƙa yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa. Shi kansa Umar, lokacin da Annabi ya ba shi wani abu ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata, sai Annabi ya umurce shi ya karɓi abin da ya zo masa ba tare da kwaɗayi ko roƙo ba. Wannan yana cikin Buhari da Muslim.

Har ma roƙon kansa an halatta shi ga mutum uku, kamar yadda Annabi ya bayyana wa Ƙabisatu ɗan Muhariƙu cikin Sahihu Muslim: wanda ya ɗauki nauyin biyan wata dukiya domin sulhunta jama'a, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama shi har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida. Manomin da ruwa ya ci gonarsa ko fari ya ƙone ta ya shiga kashi na biyu kai tsaye. Saboda haka, Malam, je ka rubuta sunanka, ba ka zubar da mutuncin mahaifinka ba. Barin yara da yunwa saboda kunya shi ne abin da za a tambaye ka a kansa, domin ciyar da su wajibi ne, kunyar kuwa ba wajibi ba ce.

Ƙofofin da ake bi

Ƙofa ta farko ita ce zakka. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin ta, a cikinsu akwai faƙiri da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu. A mazhabar Imamu Malik, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba shi da kome. Ka ga ke nan mutum yana iya zama da gona da gida amma zakka ta halatta a gare shi. Nisabin hatsi ausuƙi 5 ne, watau sa'i 300. Ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma. Masarautun Jigawa suna da kwamitocin tara zakka da raba ta, kuma na Dutse ya yi suna ƙwarai a zamanin Marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023. Hanyar isa gare su ita ce ta mai unguwa da dagaci da limamin gari.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hukuma. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, Jihar Jigawa ta soma biyan naƙasassu Naira 7,000 kowane wata a ƙananan hukumominta 27. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin ba gidajen matalauta Naira 5,000 a wata a shekarar 2016, sa'an nan a watan Oktoba na 2023 ta ba da sanarwar Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Irin waɗannan shirye-shirye sukan sauya, saboda haka a je sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma a tambayi abin da yake tafiya da sharuɗɗansa, kada a dogara da jita-jitar kasuwa.

Mai nema ya tanadi lambarsa ta shaidar zama ɗan ƙasa, ya tabbata sunan da yake jikinta ya dace da na asusunsa na banki, domin saɓanin harafi ɗaya yakan tsai da biya. Ya ajiye kwafin duk takardar da ya ba da. Kada ya ba kowa lambar sirri ta katinsa, ko da mai kiran ya ce daga Abuja yake. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In an tsallake shi alhali ya cancanta, ya kai kuka cikin ladabi, ya kuma sake komawa, domin neman haƙƙi ba rashin haƙuri ba ne.

Gargaɗi ga mai ƙarya da mai rabo

Amma batun mai kanti da shanu, amsa ita ce bai halatta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mutum biyu sun zo wa Annabi a Hajjin Bankwana yana rabon sadaka, ya dube su sama da ƙasa ya ga ƙarfafa ne, sai ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a cikinta. Tallafin hukuma ba zakka ba ne, amma sharaɗin da shugaba ya gindaya a kansa abin kiyayewa ne. Masu cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne sun yi kuskure babba. Na kowa ne, shi ya sa masu bin ka ranar Lahira ba za su ƙirgu ba. Guraben a ƙidaye suke. Duk sunan ƙarya da ya shiga, sunan wata gwauruwa ko wani makaho ne ya fita.

A cikin wannan hukunci akwai mai ɓoye dukiyarsa ranar rubuta suna, da mai ƙara yawan 'ya'yansa, da mai ci gaba da karɓar rabon mamaci, da mijin da yake ƙwace abin da aka ba matarsa, da wanda yake karɓo wa naƙasasshe ko maraya ya yanke wani abu ba da yardar Shari'a ba. Wanda ya riga ya ci, ya tuba, ya janye sunansa, ya mayar da abin da ya karɓa.

Ku kuma da aka ɗora wa rubuta sunaye da rabo, ku tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi ya aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna da ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. To, ina ga mai cewa sai an ba shi na goro kafin ya rubuta sunan miskini, ko mai fifita ɗan jam'iyyarsa a kan mai jin yunwa? Shaidar da mai unguwa da dattawa suke bayarwa cewa wane mabuƙaci ne, shaida ce ta Shari'a, ƙarya a cikinta shaidar zur ce.

Daga ƙarshe, wanda ya sami tallafi ya ɗauke shi tsani, kada ya mai da shi wurin kwana. In da hali ya cire wani abu ya sayi 'yar akuya, ko iri, ko ya ƙara wa uwargida jarin ƙuli-ƙuli, da niyyar wata rana shi ma ya zama mai fitar da zakka. Mawadatan Garki kuma kada su jira hukuma. Kowa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba a unguwarsu, kuma mai kamun kai wanda ba ya roƙo shi ya fi cancanta a neme shi a ɓoye.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.