Ƙarfin Ƙafar Tsofaffi: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

Tun shekarar 1922 da aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru mutane su ke zuwa garin neman aiki, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuwa sai abin ya ƙaru ƙwarai. Sabon Gari ta riga ta, gama hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ita ta tara mata jama'a. Leburori da masu gadi, direbobi da akawuna da malaman gona, da yawansu sun gama aiki ba su koma garuruwansu ba. Saurayin da ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a lokacin buɗe Jami'a, yau ya haye tamanin. Saboda haka hakimai da dagatai na wannan yanki suna riƙe da tsofaffi masu yawa, daga Hayin Dogo har Muciya, kuma akwai wata magana game da lafiyarsu da ya kamata su sani.

Al'adar ƙasar nan ce, da an ga dattijo ya fara jan ƙafa, sai a ce da shi, "Baba, zauna ka huta." A karɓe masa buta, a ɗauko masa tabarma, in za shi masallacin Juma'a a tsayar masa da babur. Tsohuwa kuwa a hana ta shara, a hana ta tsince wake, daka dai tuni injin niƙa ya raba ta da shi. Duk wannan ladabi ne, babu mai zargin 'ya'yan da su ka yi shi. Amma jiki bai san ladabi ba. Tsokar da ba a sa ta aiki sai ta motse, ta tsoho kuwa ta fi ta yaro saurin motsewa nesa ba kusa ba. A shekarar 2007 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani gwaji da su ka yi, inda su ka kwantar da waɗansu dattawa masu cikakkiyar lafiya a gado kwana 10. Da su ka tashi aka auna, sai aka tarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya zube. To, in lafiyayye ya yi wannan hasara a kwana goma, ina ga wanda zazzaɓi ya kayar, sa'an nan bayan ya warke aka ce ya ci gaba da kwanciya har wata biyu?

Ga yadda abin ya ke tafiya. Ƙarfin cinya ya ragu, tashi daga tabarma ya zama aiki, sai tsoho ya rage tashi. Da ya rage tashi sai ƙarfin ya ƙara raguwa. Wata rana ya yi tuntuɓe a dokin ƙofa ko ya zame a makewayi ya faɗi, tsoro ya shige shi, shi da iyalinsa duka, daga nan sai ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin waɗanda su ka kai shekara 65, wajen mutum ɗaya cikin uku ya kan faɗi a kowace shekara. Faɗuwar da ta karya ƙashin ƙugu kuwa, tsofaffi da yawa ba su sake taka ƙasa bayanta.

Likitoci suna da alamu biyar na gane tsohon da jikinsa ya raunana, waɗanda wata likita mai suna Linda Fried da abokan aikinta su ka tsara a 2001: rama ba tare da dalili ba, da yawan gajiya, da sanyin damƙar hannu, da nawar tafiya, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku daga cikinsu, shi ne a ke nufi a wannan takarda.

An daɗe ana tsammani irin wannan rauni ba ya da makawa, watau tsufa ne kawai, tsufa kuwa ba ya da magani. Tsufa dai ba ya da magani, amma raunin ƙafa yana da shi. A 1990 likita Maria Fiatarone ta bayyana sakamakon wani gwaji da ta yi a wani gidan tsofaffi na birnin Boston. Ta zaɓi mutum 10, ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96, kusan kowannensu da ciwonsa. Sau uku a mako a kan zaunar da su su riƙa miƙe gwiwa suna ɗaga nauyi da ƙafa, ba kuwa ɗan ƙaramin nauyi ba, kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da mutum ya ke iya ɗagawa, ana ƙarawa yayin da ƙarfi ya ƙaru. Bayan mako 8, tara da su ka kai ƙarshe ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, watau ya kusa ninkawa uku. Biyu daga cikinsu su ka ajiye sanda. Amma ga abin lura: da aka dakatar da aikin mako 4, sai kusan sulusin ƙarfin ya tafi. A 1994 ta sake gwadawa da mutum 100, nan ma ƙarfi ya ninka, tafiya ta yi sauri, hawan bene ya yi sauƙi. Waɗanda aka ba ƙarin abinci kaɗai ba tare da motsa jiki ba, ƙarfinsu bai ƙaru ba.

Wani zai ce wannan aikin masu injuna ne. To, a ƙasar Niyu Zilan, a jami'ar Otago, an tsara wani shiri da tsoho ya ke yi a cikin gidansa, da kujera da ɗan nauyin da a ke ɗaurawa a idon sawu, rabin sa'a sau uku a mako, tare da tattaki. Da aka gwada shi ga mutum fiye da dubu, faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100. Babu abin da ke cikin wannan shiri da gidan talaka a Bomo ko Basawa zai rasa.

Babban darasin shi ne tashi daga kujera, domin ƙarfin da ya ke ta da mutum daga kujera shi ne ya ke ta da shi daga sujada, shi ne kuma ya ke ta da shi daga tsuguno. A sami kujera ko benci mai ƙarfi wanda tsayinsa ya kai gwiwa, a jingina shi da bango don kada ya zame. Tsoho ya zauna a bakin kujerar, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya sunkuyo kaɗan, ya miƙe tsaye, sa'an nan ya koma ya zauna sannu a hankali, kada ya saki jiki ya faɗa. Komawar nan a hankali rabin aikin ce, ita ce kuwa a ka fi yi wa ha'inci. Da fari ya dafa da hannu biyu, in ya saba ya koma hannu ɗaya, daga baya ya rungume hannu a ƙirji. Ya fara da biyar, ya huta, ya sake. In goma ta zama wasa, sai a ba shi galan da ruwa lita biyu ya rungume, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Aikin da ba ya gajiyar da cinya ko kaɗan ba ya ƙara mata kome.

Sauran ba su da wuyar bayani. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugansa ya tsaya a kan yatsu sau goma. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe, ya ƙirga goma, ya sauya. Ya bi gefen bango yana ɗora diddigen wannan ƙafa a gaban yatsun waccan. Kullum da wani babba a tsaye kusa da shi, ba ƙaramin jika ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce irin wannan aiki na ƙarfi da daidaita tsayuwa a yi shi kwana uku a mako ko fiye. Tattaki kuwa kullum ne, zuwa masallaci ko coci ko zauren aboki, amma tattaki kaɗai ba ya mai da ƙarfin cinya.

Tsofaffi mata su a ka fi mantawa, alhali su su ka fi zama wuri ɗaya, ƙashinsu kuma ya fi saurin karyewa. Tsakar gida ta ishe su, muddin an kawar da turmi da igiya da tukwane daga hanya. Abinci kuma ya taimaka: wake da gyaɗa, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana kyautata irinsu, da nono da ƙwai da kifi gwargwadon hali. Koko da shayi kaɗai ba su gina tsoka.

Lalle ne a yi hattara. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ciwon sukari, da wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, a fara kai su asibiti a ji ta bakin likita, akwai kuma masu gashin ƙashi da motsa jiki a Asibitin Koyarwa na Shika. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa ya sarƙe, ya tsaya nan take a nemi likita. Ɗan tsamin jiki kashegari ba kome ba ne, amma kumburin gwiwa dalili ne na dakatawa. Kada a riƙe numfashi wajen yunƙuri. Da bazara a yi da sanyin safiya, da hunturu a jira rana ta ɗaga, mai azumi kuwa ya bari sai bayan buɗa baki.

Ana roƙon hakimai su ta da wannan magana a taron dagatai da masu unguwa, su kuma sanar da limamai da shugabannin coci, domin ɗan da ya hana ubansa motsi ba zai saurari yaro ba, sai babba. Malaman hakimai kuwa ga aikinsu: a buɗe littafi, a rubuta sunan tsoho da unguwarsa da shekarunsa, in ya yarda. A duba agogo, a ga daƙiƙa nawa ya ke ɗauka ya tashi ya zauna sau biyar ba dafawa. Wanda ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa, a sa alama a gaban sunansa a gaya wa ma'aikacin lafiya na unguwar. A farkon kowane wata a sake aunawa da kujerar nan dai, a rubuta sabuwar lamba kusa da tsohuwar, a kuma karanta wa dattijon su biyun ya ji da kunnensa.