Injin Jirgin Ruwa: Mai Bugu Biyu Ko Mai Bugu Huɗu?

Tambaya: Ina sana'ar su da fito a tafkin Kainji, wajen Yawuri. Na tara kuɗin sayen injin jirgi, amma abokan sana'a sun raba mini hankali: wasu na cewa in sayi wanda ake gauraya wa mai da fetur, wasu na cewa wanda ake zuba wa baƙin mai daban ya fi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Injunan nan biyu ka san su tun a tudu. Ƙaramin janareton Tiger da ake zuba wa mai a cikin fetur mai bugu biyu ne, babur ɗin Boxer kuwa mai bugu huɗu ne. Bugu shi ne hawa ko saukar fistan sau ɗaya. Mai bugu biyu yana shaƙar fetur, ya matse shi, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, duk a hawa ɗaya da sauka ɗaya. Mai bugu huɗu yana ba kowane aiki nasa bugun, da bawul masu buɗewa da rufewa a kan lokaci.

Daga nan duk sauran bambancin ya taso. Mai bugu biyu ba shi da tarkace da yawa, don haka ya fi arha, ya fi sauƙin gyara, ga saurin tashi da kaya. Na Yamaha mai ƙarfin doki 15 bai wuce kilo 40 ba, takwaransa mai bugu huɗu kuwa ya haura 50. Ga wanda ke kwance inji kullum da yamma ya saɓa shi zuwa gida saboda ɓarayi, wannan tazarar ba wasa ba ce. Sannan mai bugu huɗu ba a kwantar da shi yadda aka ga dama; in ka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, baƙin mai zai gangara cikin silinda ya jiƙa fulogi.

Amma fa mai bugu biyu mashayin fetur ne. Ƙofar shigar fetur da ta fitar hayaƙi sukan buɗe a lokaci guda, sai wani kaso na fetur, wanda kan kai ɗaya cikin huɗu, ya fice ba tare da ya ƙone ba. Shi ne maiƙon da kake gani yana walƙiya a bayan jirgi, kuma a ruwan da kifinka ke ciki yake zuba. Saboda haka Amurka ta fara tsaurara dokar hayaƙin waɗannan injuna a 1998, Turai ma ta bi sahu, shi ya sa sababbin masu bugu biyu masu kabureta suka kusa ɓacewa a kasuwanninsu, suka rage a irin namu. A da, fetur na da arha, ba mai damuwa. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, lissafin ya canja.

To ka yi wannan lissafin da kanka. Lita nawa jirgi irin naka ke sha a rana? Cire kashi ɗaya cikin huɗu, ka ga kuɗinsa a wata, ka gwada da ƙarin kuɗin da za ka biya wa mai bugu huɗu. In kana fito ranakun kasuwa da sauran ranaku, inji na ruri tun safe har la'asar, a ganina mai bugu huɗu zai biya kansa, fasinja kuma su huta da hayaƙi da ƙara. Ribar ta fi fitowa a tafiyar sannu. In kullum a ƙure kake ja, tazarar takan ragu.

Sai dai akwai sharaɗin da nake so ka riƙe da kyau. Kafin ka biya ko sisi a kan mai bugu huɗu, je ka tambayi makanikin bakin ruwanku ko ya iya saita bawul, kuma ina ake samun matatar mai da sauran kayan gyara. Injin da zai kwana mako biyu yana jiran kaya daga Legas ko Onica ya cinye ribar fetur ɗin da ka yi tanadi. Fetur ɗin jarka mai ruwa da datti ma ya fi cutar da mai bugu huɗu. In babu makaniki a kusa, kuma aikinka zuwa duba koma ne ka dawo, ɗauki mai bugu biyu hankalinka kwance.

In ka ɗauke shi, kada ka yi awon mai da ido. Yawancinsu kashi 50 na fetur ne da ɗaya na mai, wato rabin lita a tankin lita 25, kuma akan ninka shi a sa'o'i 10 na farko. Littafin injin zai tabbatar maka. Nemi man injin ruwa mai alamar TC-W3, ban da baƙin man mota. Mai bugu huɗu kuwa ana juye masa mai bayan sa'o'i 20 na farko, daga nan duk sa'o'i 100. Kowanne ka saya, da zarar ka tayar ka duba siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin. In bai fito ba, kashe nan take, domin mai yiwuwa yashi ko ciyawa sun toshe hanyar sanyaya shi.