Darasin Mako: Dalilin Kai Gurmi da Jita Wurin Gwani

Darasinmu na wannan mako a kan kimiyyar sauti yake, amma ta ƙofar kayan kiɗa masu tsirkiya za mu shiga: gurmi, kuntigi, garaya, goge, da baƙuwarsu jita.

Abu uku ne ke sa tsirkiya ta fitar da irin muryar da muke ji: tsawonta, kaurinta, da yadda aka ja ta. Wani Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1636. In aka danne tsirkiya daidai tsakiyarta, yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya zai ninka, murya ta yi sama. In kuwa ta wajen ja ake neman wannan ninki, sai an ƙara ƙarfin jan ya kai huɗun na farko. Ke nan duk abin da ya taɓa tsawo ko ja, komai ƙanƙantarsa, ya taɓa murya.

To, mene ne ke taɓa su alhali kayan na rataye a ɗaki? Yanayi. Mu nan Yankara mun san bambancin watan Agusta da na Janairu ko a leɓɓanmu. Gurmi ƙoƙo ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsa kuma ta hau kan ɗan abin nan da makaɗa ke kira jaki. Da damina fata kan sha raɓa ta saki, jaki ya nutse, murya ta dushe kamar ta mai mura. Da hunturu kuwa, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai fata ta ɗame. Wanda bai sani ba zai ji daɗi, don muryar ta fito tangaran. Daga nan ne fata ke tsagewa, ko ƙoƙon ya dare.

Kada mu raina abin don ƙoƙo ne da fata. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya riƙe har duniya ta san shi. Mai tsirkiya ɗaya ba shi da wurin ɓuya. In ta kauce, kowa zai ji.

Lamarin jita ya fi wannan sarƙaƙiya. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wuyanta da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Shi ya sa ake binne wani siririn ƙarfe a cikin wuyan don ya tare wannan ja. Katako ma yana shan laima yana fitarwa. Da damina fuskarta kan kumbura, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, yatsu su sha wuya wajen dannawa, ga tsatsa. Da hunturu katako ya tsuke, tsirkiyoyi su sauko suna gugar ƙarafunan da ke jere a wuyan, sai ka ji wani zuu yana bin kowane sauti. Ɗalibai da yawa kan bar koyo suna cewa hannunsu ne bai iya ba, alhali kayan ne ke neman gyara.

A nan aikin gwani yake. Zai hangi wuyan daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ga ko ya lanƙwashe, ya murɗa ƙarfen ciki kaɗan-kaɗan, ya daidaita tsayin jaki. Sannan ya danne kowace tsirkiya a gida na 12, wato tsakiyarta, ya saurara. In muryar ba ta dace da ta tsirkiyar a sake ba, ya san tsawon ya goce. Ga ƙa'idar Mersenne a hannun mutumin da wataƙila bai taɓa jin sunansa ba. Mai haɗa gurmi ma haka yake: da ya ƙwanƙwasa fata da yatsa ya san ko za ta kai baɗi.

Abin da ba mu goyon baya shi ne karambani. Wani sai ya sami filaya ya hau murɗa ƙarfen wuya da ƙarfi har ya karye, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sayen sabuwa. Wani ya kanga gurmi a bakin murhu don fata ta ɗame, ya tafi hira ya manta.

A ganinmu sau biyu a shekara ya wadatar: in ruwa ya zauna, da kuma in iskar hunturu ta fara kaɗawa. Tsakanin nan aikin mai kaya ne. Ya goge gumi daga tsirkiya bayan kiɗa, ya sa kayan a jaka, kada ya jingine su a bango mai danshi ko ya bar su a rana. Mai goge kuma ya riƙa shafa wa izgarsa ƙaro, in ba haka ba sai ta yi ta santsi a kan tsirkiya ba ta kama ba.