Darasi: Hukuncin Takardun Asiri da Aka Kwaso Aka Baza a Intanet

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Tasawa da Mayahi da kewaye, darasin wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda littattafan fiƙihu ba su ambace ta da sunanta ba, amma tushenta yana cikinsu. Akwai wasu gwanayen kwamfuta da ke kutsawa cikin na'urorin gwamnatoci da kamfanoni saboda wata manufa ta siyasa, su kwashe takardun asiri. Akwai kuma shafukan intanet da aka gina musamman domin karɓar abin da aka kwaso a baza wa duniya. Mafi shahara cikinsu shi ne WikiLeaks, wanda Julian Assange, mutumin Ostareliya, ya kafa a 2006. Wani kuma ana ce masa DDoSecrets, an buɗe shi a 2018, shi ne ya fitar da takardun ofisoshin ƴan sandan Amurka sama da 200 a 2020. Wasu takardun masu kutse ne ke sato su, wasu kuwa ɗan cikin gida ne ke fitar da su, kamar wasiƙun jakadun Amurka kimanin 250,000 da wani sojansu ya miƙa wa WikiLeaks a 2010.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Cikin waɗannan wasiƙu akwai wadda ta shafi Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200. 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har kamfanin ya daidaita da gwamnatin jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A watan Disamba na 2010 wasiƙar ta fito, tana cewa wani babban jami'in kamfanin ya faɗa wa ofishin jakadancin Amurka cewa sun sa masu bincike su tono laifuffukan ministan shari'a na Najeriya, domin a matsa masa ya janye ƙarar gwamnatin tarayya. Kamfanin ya musanta. Haka nan a 2022 aka fitar da dubban hotunan Musulmi ƴan ƙabilar Uigur da ke tsare a lardin Shinjan na ƙasar Sin, waɗanda wani mai kutse ya kwaso daga na'urorin ƴan sanda. Wanda ya ce babu wani amfani ko kaɗan cikin wannan al'amari bai yi adalci ba. Aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwame ya bayyana zaluncin da aka yi masa.

To amma ga ɗaya fuskar. A 2015 WikiLeaks ya baza takardun ma'aikatar harkokin waje ta Saudiyya. Da ƴan jaridar kamfanin labarai na AP suka duba su a 2016, sai suka tarar a ciki akwai takardun asibiti na marasa lafiya, da na aure da saki, da sunayen yara da aka yi wa fyaɗe. Waɗannan bayin Allah ba sarakuna ba ne, ba ministoci ba ne. Laifinsu kawai sun kai buƙatarsu ofis. An tashi jifar giwa, dutse ya faɗa kan ɗan tsako.

Malamai sun raba irin wannan mas'ala gwargwadon aikin kowa. Shi mai kutse ya shiga inda ba a yi masa izini ba, ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma aya ta 12 cikin Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane. Imam Al-Mawardi, cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya yi bayanin cewa ko muhtasibi, wanda hukuma ta naɗa, ba shi da ikon leƙen abin da aka ɓoye, sai in wani amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar mutum ya keɓe da wani zai kashe shi. In wannan shi ne iyakar wanda aka naɗa, ina ga wanda ya naɗa kansa, ya rufe fuska, babu alƙalin da zai tambaye shi? Shi kuma mai shafi, in ya tace, ya fitar da abin da ya shafi dukiyar jama'a da haƙƙin raunana, ya rufe sunayen marasa laifi, hukuncinsa ba ɗaya yake da na wanda ya juye buhu gaba ɗaya a tsakiyar kasuwa ba.

Sai dai a Korgom ko Kanambakashe ba mu da masu kutse, ba mu da masu shafi. Rabonmu cikin wannan aiki shi ne na uku: hoton takarda ya shigo salula ta WhatsApp, da hatimi da sa hannu, mu karanta, mu tura wa zaure goma kafin a kira sallar la'asar. A nan darasin ya fi ƙarfi.

Ku tuna abin da ya faru a Madina a shekara ta 35 bayan hijira. Mutanen Masar sun zo da koke-kokensu wurin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, aka saurare su, suka kama hanyar gida. Suna tafe sai suka kama wani mahayi ɗauke da wasiƙa zuwa ga gwamnan Masar, tana umurni a hukunta shugabanninsu, kuma da hatimin Halifa a kanta. Suka juyo Madina a fusace. Sayyidina Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba, bai kuma san da ita ba. Malaman tarihi sun yi saɓani kan wanda ya rubuta ta, wasu ma sun ce masu tawayen ne da kansu suka ƙirƙira. Amma babu saɓani kan abin da ya biyo baya: an tsare gidansa, aka kashe shi cikin watan Zul Hajji, aka buɗe ƙofar fitinar da har yau al'umma ke shan ɗacinta. Takarda guda ce, kuma ga hatimi.

Hatimi ba shaida ba ne. Yau ma ya fi sauƙi, domin yaro mai salula yana iya ɗora hatimin kowace ma'aikata bisa kowace magana. A Faransa, kwana biyu kafin zagaye na biyu na zaɓen 2017, an baza dubban saƙonnin kwamitin yaƙin neman zaɓen Emmanuel Macron, kwamitin kuma ya ce an cakuɗa na gaskiya da na jabu. Mai kutsen siyasa yana da ɓangare. Shi ke zaɓen abin da zai fitar, da abin da zai ɓoye, da ranar da zai saki. Don haka aya ta 6 cikin Hujurati, wadda ta yi umurni da bincike kafin a ɗauki labarin fasiƙi, ta fi dacewa da wanda ba a ma san ko wane ne ba. Aya ta 83 cikin Nisa'i kuwa ta zargi masu watsa labarin tsoro ko na aminci da zarar ya zo musu, ba tare da sun mayar da shi ga masu iya tantancewa ba.

Wani zai ce: "Malam, in takardar gaskiya ce fa?" Sai mu ce a duba abin da ke cikinta. Mu ma yanzu sunayenmu suna cikin na'urori: rajistar layin salula, rajistar zaɓe ta 2020 wadda aka ɗauki hoto da zanen yatsu, wuraren aika kuɗi, asibitoci. Kun san abin da ƴan'uwanmu na Madarunfa da Gidan Rumji suka sha a hannun masu satar mutane don kuɗin fansa. Jerin sunaye da lambobin waya da adadin kuɗin da aka aiko wa mutum daga Libiya ko Aljeriya, a hannun irin waɗannan, jagora ne har ƙofar gida. Wanda ya tura shi ya yi taimako cikin ɓarna ko da kowane harafi gaskiya ne, kuma faɗin gaskiya game da ɗan'uwa a bayan idonsa, in yana ƙin a faɗa, ita ce giba.

Saboda haka abin da ya shafi lafiyar mutum, ko aurensa, ko bashinsa, ko inda yake kwana, a goge shi, a kuma sanar da mai shi in an san shi domin ya yi hattara. Abin da ya shafi dukiyar jama'a, a jira masu ilimin tantancewa su tabbatar, a ji ta bakin wanda ake zargi. Ku sani kuma hukumar ƙasa tana da nata hukuncin: dokar laifuffukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta haɗa da kutse da watsa bayanan ɓatanci, a 2024 kuma aka mayar da hukuncin ɗauri a kan wasu daga cikin laifuffukan watsawa. Mai zaure na WhatsApp ya lura da abin da ake sakawa a zaurensa. Allah ne mafi sani.