Darasi na Bakwai: Ƙiyasta Bunƙasar Ɓawon Nahiyoyi

Gabatarwa

Ɓawon duniya iri biyu ne: ɓawon teku, mai kaurin kimanin kilomita 7, da ɓawon nahiyoyi, wanda kaurinsa ya kai kilomita 35 ko fiye. A wannan darasi za mu duba yadda masana ke gano lokacin da ɓawon nahiyoyi ya samu.

Ma'aunin Shekaru

Aisotof shi ne nau'in sinadari guda wanda nauyinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa. Wasu aisotof sukan rikiɗa a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. Alal misali, yuraniyom-238 yakan rikiɗa ya zama dalma, kuma sai bayan shekara biliyan 4.47 rabinsa ke juyewa. Ƙwayar ma'adinin zirkon takan riƙe yuraniyom lokacin da take daskarewa, amma ba ta karɓar dalma. Saboda haka, gwada yawan dalmar da ke cikinta da na yuraniyom yakan bayyana shekarunta.

Ta wannan hanya aka gano, a shekarar 2001, cewa wani zirkon na Jack Hills a Ostireliya ya kai shekara biliyan 4.4. Haka kuma an sami dutse a Kaduna mai kimanin shekara biliyan 3.5.

Matsalar Ƙiyasi

Sai dai shekarun dutse ba su ne shekarun ɓawon ba, domin tsohon dutse yakan narke ya sake daskarewa, ya fito kamar sabo. Don warware wannan, akan auna aisotof na hafniyom, wanda ke nuna lokacin da asalin narkakken dutsen ya fito daga cikin duniya. Wata matsalar kuma ita ce, wani ɓangare na ɓawon ya nutse ya koma ciki, bai bar shaida ba.

Wannan ya jawo saɓani. Hurley da Rand (1969) sun ce ɓawon ya ƙaru ne sannu a hankali. Armstrong kuwa yana ganin tun farkon duniya ya cika, abin da ke ƙaruwa yana maye gurbin abin da ke nutsewa ne kawai.

Kammalawa

Aisotof yana auna abin da ya saura ne. Ƙiyasin abin da ya ɓace shi ne tushen saɓanin.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka zaɓi zirkon?
2. Bambanta ra'ayin Armstrong da na Hurley da Rand.